Babi Na Shida: Idon Sama Ma Yana Tsufa

In ka bar garin Batsari ka nufi yamma, ko ka tashi daga Safana ka bi ta Runka, ba za ka yi wata doguwar tafiya ba gonaki za su ƙare, dajin Rugu ya tare ka. Daji ne da ya ratsa ƙananan hukumomi da dama na yammacin jihar Katsina har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. A da makiyaya da mafarauta da masu saran itace ke kai da komo a cikinsa. Tun da ɓarayin daji suka mai da shi mafaka, ƙauyuka da yawa na bakinsa sun watse, gonakin gero da dawa sun koma saura, malamin gona kuma ba ya iya hawa babur ya je ya duba abin da aka shuka. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 13 na jihar, da Batsari da Safana a ciki, aka ɗauki watanni ba a jin labarin wasu garuruwan sai daga bakin wanda ya fito.

A irin wannan hali, mai shaida ɗaya ne ya rage wanda ba a iya tare masa hanya, wato tauraron ɗan'adam. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, na biyu a 2017, suna ɗaukar hoton kowane yanki aƙalla sau ɗaya cikin kwana biyar, kowane ɗigo na hoton yana wakiltar faɗin mita goma a ƙasa. Da hotunansu ne Hukumar Abinci ta Duniya ta gano, a 2019, ƙauyukan yankin Mopti na ƙasar Mali da rikici ya hana su noma, ba tare da jami'anta sun taka can ba. Ana jera hoton bana da na shekarun baya, a ga inda kore ya ja da baya.

Mutanen wannan yanki sukan yi tambaya mai ma'ana: in da gaske tauraro yana ganin komai, me ya hana shi nuna maɓoyar ɓarayi? Amsar tana da rassa. Ɗigon da ya kai mita goma, ko ma mita biyu da rabi, ba ya nuna mutum a gindin bishiya. Tauraron yana wucewa ne da hantsi, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da damina girgije ya rufe shi, da hunturu hazo ya rufe shi. Amma akwai wani reshen da ba a cika ambata ba, shi ne abin da wannan babi zai bi: idon da ke kallon ƙasa daga sama ba ya zama yadda aka ƙera shi. Daga ranar da aka harba shi yake fara dushewa, kuma wanda bai auna dushewar ba zai ɗora wa daji laifin madubi.

Falle a kan falle

Kyamarar tauraro ba ta dogara da gilasai irin na wayar hannu kawai ba. Mafi yawan manyan na'urorin suna tattara haske ne da madubai, biyu ko uku ko fiye, kowanne yana miƙa wa na gaba har hasken ya isa ga na'urar da ke mai da shi lambobi. Jikin madubin gilashi ne na musamman, ko beriliyam, ko wani sinadari mai tauri irin silikon kabaid da aka yi madubin Sentinel-2 da shi. Jikin dai siffa kawai yake bayarwa. Abin da ke mayar da hasken shi ne shafen da ke fuskarsa, kuma sirantar wannan shafe ta wuce hankali.

Ana auna shi da nanomita. In aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin gashin kai ya kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari. Babban madubin na'urar hangen taurari ta Hubble, mai faɗin mita 2.4, wanda ke sama tun 1990, an shafa masa alminiyam mai kaurin nanomita 65 ne kacal, aka rufe shi da wani falle na kariya mai nanomita 25. Madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, faɗinsa mita 6.5 ne, amma duk zinaren da aka shafa wa ɓangarorinsa 18 bai kai giram 50 ba.

Yadda ake shafen abin kallo ne. Ana shigar da madubin cikin wani katafaren tulun ƙarfe, a juya fuskarsa ƙasa, a rufe, injuna su yi sa'o'i suna zuƙe iskar ciki har ta kusa ƙarewa ƙaf. A ƙasan tulun akwai 'yan ƙananan kaskwaye, kowanne da nasa sinadari. Sai a saki wutar lantarki mai ƙarfi a kan ɗaya, sinadarin ya narke ya zama tururi, tururin ya tashi ya kwanta a fuskar madubin da ke juyawa a hankali don shafen ya daidaita. A gefe akwai wata 'yar ƙwayar ƙarau mai rawa, wadda rawarta ke raguwa gwargwadon nauyin abin da ya hau kanta, da ita ake sanin kaurin da aka kai. Da an kai, marfi ya rufe kaskon, a buɗe na gaba. Ma'aikatan suna cikin fararen kaya daga kai har ƙafa, don ƙwayar ƙura ɗaya ta fi fallen kauri nesa ba kusa ba. Kusa da babban madubin kuma ana jera 'yan ƙananan gilasai masu girman kwabo, su sha shafe iri ɗaya a lokaci ɗaya. Waɗannan su ne madubin shaida. Ba sa zuwa sama, ana adana su a ƙasa saboda ranar da za a neme su.

Dalilin jera falle a kan falle shi ne haske yana tafiya ne zango-zango, kamar dai muryar rediyo, sai dai nasa zangon gajere ne ƙwarai. Na koren haske wajen nanomita 550 ne. Duk inda haske ya tsallaka daga wani sinadari zuwa wani, kaɗan daga cikinsa yakan dawo baya. In aka jera sinadarai biyu bi da bi, ɗaya mai rage wa haske gudu sosai, ɗaya mai rage masa kaɗan, aka kuma sa kaurin kowanne ya yi daidai da rubu'in zangon hasken a cikinsa, to duk ɗan hasken da ke dawowa daga kowace iyaka zai fito a jere da 'yan'uwansa, su haɗu su yi ƙarfi. Ga koren haske, fallen silika zai zama wajen nanomita 94. Da falle ashirin zuwa talatin ana samun madubin da ke mayar da fiye da kashi 99 cikin 100 na launin da aka zaɓa, ya bar sauran launuka su wuce. Da wannan dabara ake yin matatun da ke ware ja daga kore daga shuɗi a cikin kyamarar. Ƙarfin dabarar kuwa shi ne rauninta. In kaurin fallayen ya canza da kashi ɗaya cikin ɗari, launin da madubin ya fi mayarwa ma ya gusa da kashi ɗaya cikin ɗari, na'urar ta koma kallon wani launi dabam tana ba da rahoto da sunan na da.

Zafi da sanyi sau goma sha huɗu a yini

Tauraron da ke shawagi a nisan kilomita 700 yana zagaye duniya cikin kusan minti 99, wato sau goma sha huɗu da ɗoriya a kowace rana. A mafi yawan zagayen yakan shiga inuwar duniya ya fito. Babu iskar da za ta raba zafi, don haka gefen da ke kallon rana zai iya haura digiri 100, wanda ke inuwa ya sauka ƙasa da sifiri da fiye da digiri 100. A shekara bakwai, wannan hawa da sauka ya haura sau 35,000. Injiniyoyi suna lulluɓe na'urar da barguna masu falle-falle, suna sa mata ƙananan na'urorin ɗumama don kada madubin ciki ya ji wannan jifa gaba ɗayanta. Duk da haka madubin da ke bakin ƙofa ba ya tsira. Taurarin yanayi da ke tsaye a nisan kilomita 36,000 suna da tasu matsalar, don da tsakar dare rana takan zagayo ta bayan duniya ta haska cikin bakin kyamarar kai tsaye.

Kowace uwar gida ta san abin da ke samun langa ko fanteka in aka bar ta a kan wuta babu komai a ciki, aka kuma kwara mata ruwan sanyi. Farin da ke jikinta gilashi ne da aka narkar a kan ƙarfe. Ƙarfen yana buɗewa da tsukewa fiye da gilashin, sai ka ji ƙas, tsaga ta bayyana siririya kamar zare, gobe ta yi rassa, jibi wani ɓangare ya ɓantare baƙin ƙarfe ya leƙo, tsatsa ta samu ƙofa. Haka yake a fuskar madubi. Sandar alminiyam mai tsawon mita ɗaya, in zafinta ya ƙaru da digiri 100, tana ƙaruwa da milimita 2.3. Silika mai tsawo ɗaya ba ta ƙaruwa da ko kashi ɗaya cikin goma na milimita. Bambancin ya kai ninki arba'in. Fallayen a manne suke da juna, ba mai iya miƙewa shi kaɗai, sai ja-in-ja ta taru a iyakarsu. Sau ɗaya ba komai. Sau dubu talatin kuwa, tsaga ce, ko kumburi, ko ɓarewa, kuma kowace tsaga tana watsa hasken da ya kamata ya tafi kai tsaye.

Wannan ita ce ɓarnar da ake iya gani da madubin ƙara girma. Akwai wadda ta fi ta ɓoyuwa. Ƙwayoyin zarra na kowane sinadari ba a tsaye cik suke ba, suna rawa a gurbinsu, zafi kuma yana ƙara musu rawa har wasu su tsallaka iyaka su shiga fallen maƙwabci. Iyakar da aka yi ta kaifi sai ta dakushe. An fi nazarin wannan a madubin da ke kallon rana da hasken da zangonsa ya fi na UV gajarta, UV ɗin ma ido ba ya ganinsa. Irin wannan haske kusan kowane abu haɗiye shi yake yi, ba a mayar da shi sai da jerin molibdenam da silikon. A madubin da aka yi wa zangon nanomita 13.5, kaurin kowane ma'aurata biyu bai kai nanomita bakwai ba, ana jera su arba'in zuwa hamsin, a samu mayar da wajen kashi 70 cikin 100. Tauraron SOHO, wanda aka harba a Disamba 1995, da SDO na 2010, da irin waɗannan madubai suke sa ido kan guguwar rana, wadda ke rikita GPS da rediyon gajeren zango, wadda kuma a Maris 1989 ta jefa lardin Kwebek na Kanada cikin duhu na sa'o'i tara.

In madubin molibdenam da silikon ya ɗumama, sinadaran biyu sukan haɗu a iyaka su haifi na uku, wanda ya fi su cunkushewa. Sai jerin gaba ɗaya ya tsuke, zangon da yake mayarwa ya gajarta, ƙarfinsa ya ragu. Abin yakan fara a hankali daga digiri ɗari da 'yan kai, in aka haura ɗari uku zuwa huɗu tsarin ya rushe. Saurin wannan cuɗanya ba ya hawa daidai da zafi, ninkawa yake yi, ƙarin 'yan digiri goma-goma kan mai da aikin shekaru ya zama na watanni. Shi ya sa ake iya gasa samfuri a ɗakin gwaji na 'yan makonni a ƙiyasta abin da zai same shi a shekara goma. Maganin da aka samo shi ne a sa katanga tsakanin fallayen, wani siririn shafe na kabon ko boron kabaid da bai kai nanomita ɗaya ba. Bukatar irin wannan kariya ta ƙaru da taurari irin Solar Orbiter na 2020, wanda ke matsawa kusa da rana har hasken da ke dukansa ya ninka na duniya wajen sau goma sha uku.

Sai kuma ruwa. Fallen da aka yi da tsohuwar hanyar tururi ba ya kwanciya a cunkushe, yakan tsiro ne ginshiƙi-ginshiƙi da 'yan ramuka a tsakani, ramukan su sha danshin iska tun a masana'anta. Da an isa sama, inda babu iska, zafi ya kori ruwan, launin matatar ya gusa zuwa gajeren zango. Yanzu ana danna fallen da ruwan ƙwayoyin lantarki yayin da ake shafa shi don ramukan su toshe. Amma ruwan da ya fita daga sauran sassan tauraron bai tafi ko'ina ba.

Gumin tauraro

Gam, fenti, rigar wayoyi, barguna, duk suna fitar da tururi in sun ji zafi a wurin da babu iska. Akwai ƙa'idar da ake bi kafin a yarda da kowane abu: a gasa shi a digiri 125 na sa'o'i 24 cikin tulun da aka zuƙe wa iska, kada nauyinsa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin 100, kada kuma abin da zai daskare daga tururinsa ya wuce kashi ɗaya cikin dubu. Duk da wannan tsanani, ɗan abin da ya rage yakan nemi wuri mafi sanyi ya kwanta, wuri mafi sanyi kuwa sau da yawa madubi ne ko tagar na'urar gani. In tururin mai maiƙo ne, hasken UV na rana ya gasa shi ya zama wani shafe mai ruwan ƙasa-ƙasa da ba ya fita, wanda ya fi cin shuɗin haske. In ruwa ne, ya zama ƙanƙara.

Euclid, na'urar hangen taurari ta Turai da aka harba a Yuli 2023, ta fara rasa haske cikin watanninta na farko saboda ƙanƙarar da kaurinta bai wuce 'yan nanomita ba. A Maris 2024 injiniyoyi suka ɗumama madubi ɗaya daga nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, hasken da ke shiga ya ƙaru da kashi 15 cikin 100. Haka ake yi wa taurarin Meteosat, waɗanda hotunansu ne ginshiƙin hasashen ruwan sama a cibiyar AGRHYMET ta Yamai da sauran hukumomin yanayi na Afirka ta Yamma. Lokaci-lokaci ana dakatar da na'urar, a ɗumama ta, ƙanƙara ta tashi. Ga inda gizo ke saƙa: zafin da ke wanke madubi shi ne zafin da ke tsofar da shi. Kowace ɗumamawa tana ƙara ja-in-ja a fallaye, tana iya kuma karkatar da saitin madubai. Shi ya sa injiniyoyin Euclid suka ƙi ɗumama na'urar gaba ɗaya, suka bi madubi ɗaya bayan ɗaya.

Wani lokaci cutar daga gida ake tafiya da ita. An harba tauraron Suomi NPP na Amurka ranar 28 ga Oktoba, 2011, ɗauke da kyamarar VIIRS. Makonni kaɗan da buɗe ƙofarta aka ga hasken da take karɓa yana raguwa da saurin da ba a yi tsammani ba, kuma ba a ɓangaren shuɗi ba, inda aka saba ganin datti, a ɓangaren ja ne da hasken da ke bayan ja. Ba mai iya zuwa ya duba. Sai aka ɗauko madubin shaida da aka shafa tare da na saman, aka haska masa UV a ɗakin gwaji, shi ma ya dushe. Da aka binciki fuskarsa aka tarar da ɗan ɓurɓushin tungistan da ya hau tun wurin shafe, wanda ke yin duhu in hasken rana ya taɓa shi. Madubai huɗu ne a jere, kowanne ya ci nasa rabon, har asarar ta kai wajen kashi ɗaya cikin uku a wasu launukan cikin 'yan shekaru. Kyamarar ta ci gaba da aiki mai inganci, saboda an san cutar, ana auna ta, ana cire ta daga lissafi.

Inda abin ya shafi gonar Wagini

Lafiyayyen ganye yana haɗiye jan haske don ya yi abinci, yana kuma mayar da mafi yawan hasken da ke bayan ja, wanda idonmu ba ya gani. Busasshiyar ƙasa ba ta nuna wannan bambanci sosai. Da gwada launukan biyu ake fitar da lamba ɗaya da ke nuna yawan kore a kowane ɗigo. A kan wannan lamba ake gina taswirar amfanin gona, da gargaɗin fari, da ƙiyasin yawan dajin da aka sare. To in madubi ya dushe a launi ɗaya fiye da ɗayan, lambar za ta sauka ko ta hau ba tare da ganye ɗaya ya motsa a ƙauyukan yankin irin su Wagini ko Zakka ba.

Wannan ba zato ba ne, ya faru. Bayan farin 1973 da na 1984, magana ta yaɗu cewa Sahara tana gangarowa kudu babu tsayawa. Abin da ake da shi a lokacin na auna lamarin shi ne kyamarar AVHRR ta taurarin NOAA, wadda ba ta da hanyar gwada kanta a launukan da ake bukata, tana kuma rasa ƙarfi shekara bayan shekara, ga kowane sabon tauraro da nasa hali. Sai da aka gyara wannan kafin Compton Tucker da abokan aikinsa su nuna, a 1991, cewa bakin hamada yana gangarowa ne a shekarar fari ya koma arewa a shekarar ruwa. Kyamarar MODIS ta tauraron Terra, wanda aka harba a Disamba 1999 da wa'adin shekara shida, ta maimaita darasin. Madubinta mai juyawa fuska biyu gare shi, kowace fuska ta tsufa da nata sauri, tsufan kuma ya bambanta da kusurwar da haske ke faɗowa. Bayanan da aka fitar a zubi na biyar na gyaran ma'auni sun nuna kore yana raguwa a wurare da yawa na duniya, alhali tagwayenta da ke kan tauraron Aqua ba ta ga haka ba. Da aka sake lissafi a zubi na shida, wani kaso mai yawa na wannan bushewa ya ɓace.

Ba ana cewa saran dajin Rugu ƙarya ba ne, ko gonakin da aka gudu aka bari. Babban canji irin wannan ya fi ƙarfin kuskuren madubi. Inda haɗarin yake shi ne canjin da ke tafiya sannu-sannu, kashi ɗaya ko biyu a shekara, irin wanda ake kafa hujja da shi a ce ƙasa tana mutuwa ko tana farfaɗowa, a ware kuɗi ko a hana.

Wata da yashin Sahara

Tun da ba a iya sauko da madubi a duba, sai a nuna masa abin da aka tabbatar ba ya canzawa. Wasu taurarin suna ɗauke da farin allo da ake buɗe wa rana lokaci-lokaci, sai dai shi ma allon yana dushewa, har sai an sa wata na'urar tana gadinsa. Wata ya fi shi amana. Ba shi da iska, ba shi da ruwa, fuskarsa ba ta canzawa a tsawon rayuwar kowane tauraro. Tun daga kyamarar SeaWiFS ta 1997 ake juya taurari su kalli wata kusan kowane wata, a gwada abin da suka gani da lissafin da masanan Amurka suka tattara a Filagstaf ta jihar Arizona.

Ma'auni na biyu a maƙwabtanmu yake. A shekarun 1990 masanan Faransa suka zaɓi wurare ashirin a Sahara da hamadar Larabawa inda babu tsiro, ruwa ba ya cika sauka, yashi kuma launinsa ɗaya shekara da shekaru. Wanda ya fi suna shi ne Libya-4, akwai kuma wasu a Aljeriya da Muritaniya da Mali, uku daga ciki a arewacin Nijar. In tauraro ya ce yashin nan ya yi duhu da kashi biyu cikin ɗari, an san ba yashin ba ne.

Ma'auni na uku ƙafa ce. Labarin farfaɗowar itatuwa a gonakin Maraɗi da Damagaram, inda manoma suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa suna girma, har aka ƙiyasta hekta miliyan biyar, bai tabbata daga sama kaɗai ba. An gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraro, sannan aka shiga gonaki aka ƙirga itatuwa, aka tambayi masu su.

Taurarinmu da wa'adinsu

An kafa hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, a 1999. NigeriaSat-1 ya tashi daga Filesetsk ta Rasha a Satumba 2003 da wa'adin shekara biyar, ya yi aiki har 2012. Ranar 17 ga Agusta, 2011 aka harba NigeriaSat-2, mai ganin ɗigon mita biyu da rabi, tare da NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa a kamfanin SSTL na Ingila. Wa'adin da aka ɗibar wa NigeriaSat-2 shekara bakwai ne, ya cika tun 2018. Wuce wa'adi ba mutuwa ba ce, Landsat 5 da aka yi wa shekara uku ya yi aiki daga 1984 har 2013. Amma abin da ya sa hotunansa ke da daraja har yau shi ne an bi tarihin tsufansa, an sake gyara ma'auninsa sau da dama.

Tauraron sadarwa ma bai tsira daga madubi ba, ko da yake ba ya ɗaukar hoto. NigComSat-1 na 2007 ya mutu a Nuwamba 2008 saboda matsalar fukafukan da ke ba shi wuta daga rana. Wanda ya maye gurbinsa, NigComSat-1R, ya tashi a Disamba 2011 da wa'adin shekara 15. Taurari irinsa ana lulluɓe gefensu na arewa da na kudu da ƙananan madubai na gilashi mai azurfa a baya, jere kamar tayil. Aikinsu su mayar da hasken rana, su kuma fitar da zafin na'urorin ciki. Suna sababbi ba sa haɗiye ko kashi goma cikin ɗari na hasken, amma datti da ƙwayoyin da ke fitowa daga rana suna rina su a hankali, cikin tauraron ya riƙa ɗumama shekara bayan shekara. Don haka mai ƙira yakan yi lissafi da ranar ƙarshe, ya faɗaɗa madubin fiye da bukatar farko, ya yarda a ƙona wuta wajen ɗumama tauraron yana sabo don kada ya ƙone yana tsoho.

Ƙasar da ta sayi tauraro ta ɗauki nauyi biyu bayan bikin harbawa. Na farko ta fara tanadin magajinsa tun wa'adinsa bai yi rabi ba, don ƙira da gwaji suna cin shekaru, kuma ana so sabo da tsoho su yi aiki tare na ɗan lokaci a gwada idon wannan da na wancan. Na biyu ta riƙe mutanen da aikinsu kullum shi ne auna dushewar ido, da masu zuwa gona su tabbatar. Wannan na biyun ba ya bukatar roka. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma tana maƙwabtaka da Safana, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, hotunan Landsat kyauta ne tun 2008, na Sentinel ma haka. 'Yan filaye da aka sani sarai a wuraren da ake iya zuwa, ana auna su kowace damina da na'urar hannu ana rubuta abin da aka shuka, sun isa su zama abin gwada duk wata taswira da za a kawo game da wuraren da ba a iya zuwa.

Jami'i ko ɗan jarida ko ɗan majalisar da aka miƙa wa taswirar Rugu mai ja da kore yana da haƙƙin yin tambaya huɗu kafin ya sa hannu a kan komai: wane tauraro ne ya ɗauka, shekararsa nawa a sama, da wane zubi na gyaran ma'auni aka yi lissafin, wa kuma ya taka ƙasa ya gwada? A babi na gaba za mu koma kan fukafukan rana da batura, inda zafi da sanyin nan suke yin ɓarnar da ta fi wannan saurin kisa.